Masu iƙirarin sanin ɓoye da gwajin da ke tona musu asiri

A shekarar 1996 wata yarinya 'yar shekara 9 a jihar Kolorado ta Amurka, Emily Rosa, ta shirya gwaji domin masu iƙirarin cewa suna jin wani ƙarfi da ke fita daga jikin ɗan Adam ba tare da sun taɓa shi ba, har ma suna warkar da marasa lafiya da shi. Kayan aikinta kwali ne da kwabo. Mai iƙirarin zai zura hannuwansa biyu ta ramukan kwalin yadda ba ya ganinta, ita kuma ta jefa kwabo ta zaɓi hannun da za ta riƙe nata a samansa ba tare da ta taɓa shi ba, sannan ya faɗi ko dama ne ko hagu. Mutum 21 ne suka shiga, aka yi gwaji sau 280, suka dace a kashi 44 cikin 100, alhali wanda ya rufe ido yana cinke kawai ana sa ran ya dace a rabi. Mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga sakamakon a 1998.

Abin da ya burge ni a aikin yarinyar nan shi ne ba ta ƙaryata kowa ba tun farko. Ta toshe hanyar da labari zai iya bi ya isa ga mai iƙirarin, ta bar shi da baiwar da ya ce yana da ita. Wannan ne ginshiƙin gwaji mai inganci, kuma shi James Randi, mai dabo ɗan asalin Kanada, ya bi sama da shekara 50. Ya fara da kyautar dala 1,000 a 1964, daga baya ta kai dala miliyan 1, ga duk wanda ya nuna baiwarsa bisa sharuɗɗan da ɓangarorin biyu suka amince da su kafin a fara. Fiye da mutum 1,000 sun nema, ba wanda ya ci har aka rufe gasar a 2015.

Masu kare waɗannan mutane kan ce idon mai shakka yana ɓata baiwa. Ni dai ban gamsu ba, domin uzurin bai cika fitowa ba sai bayan an faɗi, kuma baiwar da take aiki a gaban mai biyan kuɗi amma take gudun mai lura, da wuya a bambanta ta da wadda babu ita. Ba duka ne mayaudara ba. Da yawansu sun gaskata kansu, suna tuna inda suka dace suna manta inda suka kuskure, kamar yadda mai zuwa wurin ɗan duba yake riƙe magana ɗaya da ta yi daidai ya watsar da tara. Hatta gwamnatin Amurka ta shafe kimanin shekara 20 tana kashe kuɗi a shirin leƙen asiri ta hanyar masu iƙirarin ganin abin da ke nesa da zuciyarsu kawai, wanda aka sani da Stargate, kafin a rufe shi a 1995 bayan bincike ya nuna bai taɓa samar da bayanin da aka yi aiki da shi ba.

Akwai kuma mayaudara na gaske. Peter Popoff, mai wa'azi a talabijin, yana kiran sunayen marasa lafiya da cututtukansu a taro yana cewa wahayi ne, har Randi da abokan aikinsa suka kama muryar matarsa tana karanta masa bayanan ta wata 'yar na'ura da ke kunnensa. An fallasa shi a 1986, ya shelanta karyewar arziki a 1987, amma daga baya ya koma talabijin yana tallar ruwan da ya kira na mu'ujiza, mutane kuma suka ci gaba da aika masa kuɗi.