Aikin ƙafar mota: Jamus da Farin Gada

Makon jiya na kai tsohuwar bas ɗina, Volkswagen T4 ƙirar 1995, gwajin da doka ta wajabta duk shekara biyu a nan Jamus. Aka ɗaga ta sama, wani faranti yana jijjiga tayar gaba, mai dubawa yana haskawa da tocila. Boljoyin na ƙasa, wato mahaɗin da ke riƙe taya da ƙafar mota, yana wasa. Ya hana ni sitika, ya ba ni wata guda in gyara.

Garejin da na je kamar asibiti. Ƙasa fes, ko ɗigon baƙin mai babu, kowane sifana rataye a gurbinsa, har da na'urar kofi a lungu. Bakaniken bai ko leƙa motar ba. Lambar shasi ya nema, mai harafi da lamba 17, ya buga a kwamfuta. Na miƙa masa sabon boljoyin da na saya da arha. Ya jujjuya shi ya ce na 1996 zuwa 2003 ne, a 1996 kamfanin ya sauya, ba zai hau tawa ba. Sannan ya yi murmushi ya ce in aika da shi Afirka, ai can komai yana shiga.

Wallahi maganar ta tsaya min a rai.

Da gaskiyarsa, ban musa ba. Duk wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo, a hanyar Jos, cikin bas mai ƙarar ƙafa ya san ba a wasa da boljoyin, kuma muna da masu dukan ƙarfe da guduma har sai ya shiga dole. Amma wa ya gaya masa ba mu san shekarar mota ba? Ogan da ke mana gyara a Farin Gada, can Jos, daga nesa yake bambance ƙafar tsohuwar Hiace da ta sabuwar da ake kira Hummer, wadda ta fito a 2004. Ya kwance, ya ba yaro tsohon boljoyin ya tafi Dilimi, kasuwar kayan gyaran mota, a ɗora a kan ɗan Beljiyam a gwada rami da rami. Kafin la'asar an ɗaura, an yi alaimen. Shi kuwa wannan na Jamus, a ɗauke masa wuta mu gani.

Kwana tara na jira kayan. Ranar karɓa, mukulli da rasit kawai aka turo min ta kan kanta. A Farin Gada da ina kan bencin nan ƙarƙashin inuwa, an kawo shayi, oga yana ƙarƙashin mota yana cewa, "Alhaji, ya jikin Hajiya? Ta samu sauƙi?"