Office na bogi: mun raina na kyauta, mun rungumi na sata

A gida, wanda ya sayi kwamfuta ba ya tambayar inda Word da Excel suka fito. Mai gyara ya riga ya "loda masa komai". Bayan 'yan watanni jan layi ya fito a saman shafi cewa lasisi bai kunnu ba, sai a koma a sake yin dabara. Mun saba har muna ganin haka Office yake zuwa duniya. A nan Jamus inda nake zaune ma ba kowa ke biyan Microsoft ba. Da yawa ba sa biya, amma ba sata suke yi ba, wata manhajar suka koma wa.

Kuma ba ɗalibai marasa ko sisi kaɗai nake nufi ba. A 2024 gwamnatin jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin ƙasar ta sanar cewa za ta sauya kwamfutoci kusan 30,000 na ma'aikatanta daga Microsoft Office zuwa LibreOffice. Wannan manhaja kyauta ce, halal ce, an ɓallo ta daga OpenOffice a 2010, gidauniyar da ke kula da ita kuma, The Document Foundation, a Balin take. Dalilin jihar ya wuce tsimin kuɗi, ba ta son takardun gwamnati su dogara da ra'ayin kamfani guda na wata ƙasa. Abin ba ya tafiya sumul a ko'ina: birnin Munich ya daɗe a kan irin wannan hanya, sannan a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows. To amma gardamar tasu tsakanin halal biyu ce.

Mu kuwa, ka ce da mutum ya sa LibreOffice, sai ya yamutsa fuska ya ce araha ba ta ado, shi "orijina" yake so. Orijinan nan da yake taƙama da shi fasasshe ne. Wannan ne ya fi ɗaure mini kai.

A duba yadda ake fasa shi. Manyan kamfanoni suna da wani tsari da ake kira KMS, inda uwar garkensu ke sabunta wa kwamfutocin ma'aikata lasisi na kwana 180. 'Yar manhajar fashin, irin su KMSPico, kwaikwayon wannan uwar garke take yi. Kafin ta yi aiki sai ka kashe manhajar kariya daga ƙwayoyin cuta, sannan ka danna "eh" ka ba ta cikakken iko a kan kwamfutar. Wato ka sallami mai gadi, ka miƙa makullin gida ga wanda ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. A ƙarshen 2021 masu binciken tsaro na Red Canary sun gano kwafen KMSPico da aka cusa wa CryptBot, mai kwashe kalmomin sirri da aka adana a burauza da bayanan asusun kirifto. Office ɗin yana kunnuwa lafiya lau, don haka mai kwamfutar ba ya zargin komai. A kwamfutar nan yake shiga imel da banki, a cikinta takardun abokan cinikinsa suke.

Kada a ɗauka nan Jamus babu bogi. Akwai, sai dai ya sa kwat. Shafukan intanet sun cika da masu sayar da lambar lasisi a farashin da hankali ba zai ɗauka ba, suna fakewa da hukuncin da kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2012 a shari'ar UsedSoft da Oracle, wanda ya halatta sake sayar da lasisin da aka yi amfani da shi. Hukuncin gaskiya ne, amma lamba daban, lasisi daban. Sau da yawa lambar ta wani kamfani ce ko makaranta, an sayar wa mutane barkatai, ranar da Microsoft ya toshe ta ka nemi mai shafin ka rasa.

Hanyoyin halal ba ɓoyayyu ba ne. Word, Excel da PowerPoint na cikin burauza kyauta ne ga duk mai asusun Microsoft, da ma'ajiyar gigabait 5. Google Docs ma kyauta ne. Matsalarsu ɗaya, sun fi son intanet mai ƙarfi, kuma a nan ne na yarda uzurin mutanenmu yana da tushe. Shi ya sa na fi nuna LibreOffice ko OnlyOffice, sau ɗaya za ka sauke, su yi aiki ko babu data. Ɗalibi ko malami ya fara tambayar makarantarsa, domin da yawa suna da Office na ilimi ta imel ɗin makaranta. Wanda kuma ya ƙi jinin biyan wata-wata, akwai Office 2024 da ake saya gaba ɗaya. Masu riƙe da Office 2016 da 2019, na gaske ko na bogi, su sani Microsoft ya daina aiko musu gyaran tsaro tun 14 ga Oktoba, 2025.

Ba zan ce LibreOffice ya yi daidai da Office a komai ba. Akanta mai fayil ɗin Excel cike da makro, wato ƙananan umarnin da ke yin aiki da kansu, zai sha wuya, wannan ya sayi lasisi, kayan sana'arsa ne. Wani lokaci kuma takardar Word takan buɗe layuka sun goce, yawanci don babu salon rubutu na Calibri ko Cambria. Ka sauke Carlito da Caladea, masu faɗin haruffa iri ɗaya, sai ta daidaita. Amma mai rubuta wasiƙa, takardar neman aiki, lissafin kaya ko aikin makaranta, ya saita manhajar ta riƙa adanawa a docx da xlsx, wato tsarin fayil na Word da Excel, abin da ya kammala ya tura shi a PDF. Wanda ya karɓa ba zai ma san da me aka rubuta ba.