Kod ɗin Faransa a wayar ɗan Damagaram

Wata biyu ke nan da na biya kuɗin neman permi, wato lasin tuƙi, a wata oto-ekol (makarantar koyon tuƙi) a nan Zinder, kuma duk abin da na samu a fannin kod, wato darasin dokokin hanya, bai wuce sunan wata manhaja da malamin ya rubuta mini a bayan takardar biya ba, yana cewa, "Malam, ka riƙa yin tambayoyin nan kullum, za ka ci." Na bi maganarsa sau da ƙafa, amma yau tura ta kai bango.

Ba don mu aka yi waɗannan tambayoyi ba. Jarrabawar Faransa ce aka kwaso ɗungurungum: tambaya 40, sai ka ci 35, kowace da daƙiƙa 20 kacal. Daren jiya ina zaune a tsakar gida a Birni, an ɗauke kuran, zufa tana ɗiga a kan gilashin wayar, sai ga hoton hanya lulluɓe da dusar ƙanƙara, ana tambayata ko wajibi ne in ɗaura wa taya sarƙa. Ni da ban san ƙanƙara ba sai wadda ke cikin kular mai sayar da ruwan leda! Na haddace cewa gudun babbar hanyarsu kilomita 130 ne, yana sauka zuwa 110 idan ana ruwa, alhali wannan haddar ba za ta yi mini amfanin komai ba tsakanin nan da Tanut ko Magariya. Ban ga tambaya ko ɗaya ba a kan amalanken jaki marar fitila bayan magariba, ko garken shanu mai tsallaka kwalta, ko hazon da ke ɓoye motar da ke gabanka, balle ƴan kabu-kabun da ke fitowa ta dama da hagu a bakin Kasuwar Dole.

Ga kuma rezo, wanda kafin ya buɗe bidiyon tambaya lokaci ya ƙare, an rubuta ka faɗi, mega kuwa ya tafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne harshe. Tun 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa, amma ƙanena, wanda ya shekara da shekaru yana tuƙa babur ba tare da ya taɓa buge kowa ba, ya tasa wayar a gaba ya kasa fahimtar tambaya guda, saboda Faransanci ne mai murɗiya da aka shirya don ya kayar da wanda aka haifa da shi ma.

Da na koma na tambayi malamin waɗanne tambayoyi ne suka dace da dokar hanya ta Nijar, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce haka kowa yake yi. To, ni ba don a haɗa ni da waya na biya kuɗina ba. Ranar Litinin zan koma da takardar biyan a hannuna: ko su zaunar da mu gaban allo su koya mana, ko su mayar mini da kuɗin kod.