Tsohon fim ɗin kimiyya da masu cewa yana sa barci

A makon jiya wani ƙanena ya ce mini ya kunna 2001: A Space Odyssey, amma barci ya ɗauke shi tun kafin kowa ya buɗe baki a cikin fim ɗin. Ban ga laifinsa sosai ba, domin wannan fim da Stanley Kubrick ya fitar a 1968 yana shafe fiye da minti ashirin ba a ji maganar ɗan Adam ba, sai birai da daji da kiɗa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne hukuncin da ya yanke daga nan, wai tsofaffin fina-finan almarar kimiyya an wuce wurin, tunda yanzu kwamfuta tana iya zana duk abin da aka ga dama.

Kubrick ya fitar da fim ɗin shekara guda kafin mutum ya taka duniyar wata, kuma jiragen sararin samaniya da ake gani a ciki ƙananan siffofi ne da aka ƙera da hannu. Sai dai abin da ya sa har yau ake tada maganarsa shi ne HAL 9000, kwamfutar da ke tafiyar da jirgin, wadda cikin sanyin murya ta yanke shawarar hallaka ma'aikatan saboda tana ganin za su ɓata aikin da aka ɗora mata. Duk wanda ke bibiyar muhawarar da ake yi yanzu kan na'urori masu ƙirƙirarriyar basira ya san cewa wannan tsoro bai tsufa ba ko kaɗan. Haka ma Blade Runner na Ridley Scott, wanda ya fito a watan Yunin 1982, watan da fim ɗin E.T. ma ya fito, bai yi kasuwar kirki ba a lokacin. An gina labarinsa a birnin Los Angeles na shekarar 2019, shekarar ta zo ta wuce ba mu ga mota mai tashi sama irin ta cikin fim ɗin ba, amma tambayar da ya yi kan halittun da aka ƙera don bauta, aka ƙayyade musu shekara huɗu kacal a duniya, tana nan daram.

A ganina, magadan waɗannan fina-finai su ne masu shirya fim da ɗan abin da ke aljihunsu, domin wanda ba shi da kuɗin siddabarun kwamfuta dole ya dogara da tunani. Tun kafin su ma, a 1962, Chris Marker na Faransa ya yi La Jetée, fim na minti 28 wanda kusan gaba ɗayansa hotuna ne marasa motsi da muryar mai ba da labari, in ban da wani ɗan lokaci da wata mace ta buɗe ido. Daga wannan ɗan gajeren aiki Terry Gilliam ya samo tushen 12 Monkeys a 1995. Shane Carruth kuma ya haɗa Primer a 2004 da kimanin dala 7,000, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Sundance. Ni dai sai da na kalle shi sau uku kafin na kama bakin zaren, kuma a nan nake rabuwa da wasu 'yan uwana masu sha'awar irin waɗannan fina-finai, waɗanda suka ɗauka duk fim mai wuyar fahimta ko mai ƙaramin jari to mai zurfi ne. Akwai da yawa daga cikinsu da ba su da komai sai jan rai. Masu raina Star Wars na 1977 kuma ya kamata su tuna cewa George Lucas da kuɗinsa da bashin banki ya ɗauki nauyin kashi na biyu a 1980, saboda kada wani kamfani ya juya shi.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. A 2019 duniya ta ji labarin wasu matasa a Kaduna da ake kira The Critics, waɗanda suke shirya gajerun fina-finan kimiyya da wayar hannu da koren ƙyalle, bayan sun koyi aikin a intanet. A Kenya kuwa Wanuri Kahiu ta fitar da Pumzi a 2009, gajeren fim kan rayuwa bayan yaƙin da aka yi a kan ruwa, batun da mutumin da ya san halin da Tafkin Chadi yake ciki ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kansa.

Ƙanen nawa na ce masa ya ajiye Kubrick tukuna, ya fara da La Jetée, tunda minti 28 ne, sannan mu sake zama.