Mai wankin Hattiesburg da masu cewa "sai na samu"

Ƙannena samari da 'yan mata, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu har mun daina jin nauyinta: "Bari dai Allah Ya buɗa mini, za ku ga taimako." Mai shago ya faɗa, ɗan bautar ƙasa ya faɗa, tela ma ya faɗa yana taka keke. Kowa ya ɗage alherinsa sai ranar da ya zama Alhaji. Saboda masu wannan magana nake son mu tuna wata tsohuwa mai wanki da guga a Amurka, Oseola McCarty.

An haife ta a 1908 a jihar Misisifi, ta tashi a Hattiesburg, gari ne ba babba ba, a hannun kakarta. Tana aji 6 'yar uwar mahaifiyarta ta kwanta ciwo, babu mai jinya, sai ta ajiye makaranta ta zauna da ita. Daga nan ba ta sake komawa aji ba. Ta kama wankin kayan mutane, ta yi shekara wajen 75 tana yi. A tukunya take tafasa tufafin, ta cuɗa da hannu, ta shanya, ta goge. Ta taɓa sayen injin wanki, ta ga ba ya ɗauraya yadda ranta ke so, ta rabu da shi ta koma hannunta. Ku lura da wannan: kayan wasu ne, ladan ba yawa, amma ba ta yarda ta mayar wa mai kaya aiki rabi da rabi ba.

Ba ta yi aure ba, ba ta taɓa mallakar mota ba, da ƙafa take zuwa cefane. Kakarta ta rasu a 1944, mahaifiyarta a 1964, wadda ta yi wa jinya a 1967, ta zauna ita kaɗai a gidan katako. Abin da ba ta fasa ba shi ne duk ɗan abin da ya rage sai ta kai banki, kuma in ta kai ba ta cira.

Da amosanin gaɓɓai ya hana ta aiki, ma'aikatan bankin suka zaunar da ita don ta faɗi yadda za a yi da ajiyarta. Ɗaya daga cikinsu ya jera mata kwabbai goma a tebur, kowanne a madadin kashi ɗaya na dukiyar. Ta ware ɗaya ga cocinta, uku ga danginta, sauran shida ta ce a ba Jami'ar Kudancin Misisifi, a riƙa biya wa 'ya'yan talakawa kuɗin karatu. Kason jami'ar ya kama dala 150,000. A 1995 aka sanar, tana da shekara 87.

To wace jami'a ce wannan? Ita ce wadda ba ta ɗauki baƙar fata ko ɗaya ba sai a 1965. Kafin nan wani tsohon soja, Clyde Kennard, ya yi ta neman gurbi a cikinta, aka ƙulla masa sharrin satar abincin kaji na dala 25, aka yanke masa ɗaurin shekara 7, ya rasu a 1963. Oseola baƙar fata ce, tana garin aka yi duk wannan. Da ta ce ba za ta ba su ko sisi ba, wa zai ga laifinta? Amma ita yaran da za su shiga ta duba. Mu kuwa, wani tsohon rikicin kwamitin masallaci ko na ƙungiyar unguwa ya ishe mu hujjar janye hannu har shekara goma.

Na san abin da wani zai ce: "Yaya, can dala ce, nan naira ce." Gaskiyarka. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, wanda ya jibge kuɗi a asusu ya zuba musu ido asara yake yi. Sai dai hanyar tanadi ba ɗaya ba ce, kuma iyayenmu mata sun riga mu sani: adashi, 'yar akuya a bayan gida, buhun hatsi da kaka, ɗan kunnen gwal. Kuma ban ce ku ƙuntata wa kanku kamar yadda ta yi ba, ni kaina ina ganin ta matse wa ranta fiye da kima. Abin da nake ja da shi shi ne mutumin da ke ƙone dubbai a data da ankon biki kowane wata, in aka zo batun maraya ya ce ai shi ma nema yake.

Wani kuma zai ce ai Kirista ce. E, Kirista ce, kuma wannan ya kamata ya ƙara mana kunya, mu da muka haddace tun muna Islamiyya cewa Manzon Allah (SAW) ya ce mu kare kanmu daga wuta ko da da tsagin dabino. Hadisin bai ce a jira buhu ba.

Sai batun raina sana'a, wanda shi ya fi ci mini rai. Yarinya ta gama sakandare, a ce ta je ta koyi ɗinki wajen maƙwabciya, ta ce ajinta ya wuce nan. Saurayi ya gwammace ya wuni a majalisa da a gan shi da dutsen guga. Alhali ku duba unguwarku da kyau: wa ke ɗinka wa marayu kayan Sallah ba tare da an ji ba? Wa ke koya wa 'yan mata biyar yanka atamfa kyauta, ta kuma ba su abincin rana? Sau da yawa wata dattijuwa ce mai tsohon keken Butterfly a tsakar gida, ba ta da kati, ba ta da shafin Facebook. In kina da hannu, ɗauki yarinya ɗaya ki koya mata. In kana samun dubu biyu a rana, kuɗin jarrabawar JAMB na yaro ɗaya a shekara bai fi ƙarfinka ba in ka fara tarawa da wuri.

Da labarin Oseola ya bazu, 'yan kasuwar Hattiesburg da ɗaruruwan mutane daga wasu garuruwa suka yi ta zuba nasu a asusun, yawancinsu sun fi ta samu nesa ba kusa ba, kuma jami'ar tana nan a gabansu tun da can. Shugaba Bill Clinton ya ba ta lambar yabo a 1995, Jami'ar Harvard ta ba ta digirin girmamawa a 1996. Ta rasu ranar 26 ga Satumba, 1999, tana da shekara 91, bayan ta ga ɗaliban farko sun shiga aji da kuɗin wankinta.