Dala 25 ɗinka ta isa hannun mai kayan miya, amma nawa take biya?

Ni dai ban taɓa ƙin a ba talaka jari ba, kowa ya san yadda ɗan kuɗi kaɗan ke tayar da sana'a, mun gani a adashin iyayenmu mata. Abin da ke damuna shi ne yadda ake tallata wannan harka ta ƙananan rance kamar ita ce maganin talauci, alhali ba a gaya wa mai bayarwa abin da ke faruwa da kuɗinsa a hanya.

Ɗauki ƙungiyar Kiva mai haɗa masu ba da rance da masu nema misali, wadda aka kafa a San Francisco ta Amurka a 2005. Za ka shiga shafinsu a intanet ka ga hoton wata baiwar Allah a Kenya ko Peru tana neman jarin kayan miya, ka tura dala 25, in ta biya kuɗinka su dawo, kai ba ka cin ko sisi a kai. Abin sha'awa ne wallahi. To amma kuɗin ba kai tsaye yake zuwa hannunta ba, sai ya bi ta wani bankin ƙananan rance na ƙasarta, shi kuma bankin yakan ɗora mata kuɗin ruwa, wani lokaci mai nauyin gaske. A 2009 wani mai bincike David Roodman ya nuna cewa sau da yawa ma an riga an ba matar rancen kafin hotonta ya hau shafin, har Kiva ta gyara yadda take bayani.

Kuma fa asalin abin ba haka yake ba. A 1976 wani malamin jami'a Muhammad Yunus ya ranta wa mutum 42 dala 27 gaba ɗayansu a ƙauyen Jobra na Bangladesh, don ya ƙwace su daga hannun masu cin ruwa da suka shaƙe su. Daga nan bankin Grameen ya fito a 1983, shi Yunus da bankin suka samu kyautar Nobel a 2006. Sai 'yan kasuwa suka hango riba suka shigo. Bankin Compartamos na Meziko ya sayar da hannun jari a 2007 yana cajin ruwa kusan kashi 100 a shekara, Yunus da kansa ya fito ya soki abin. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya kuwa a 2010 mata suka riƙa cin bashi nan su biya can, masu karɓa suna matsa musu lamba, aka yi ta samun rahoton masu kashe kansu har sai da gwamnatin jihar ta sa doka.

Binciken da aka fitar a 2015 daga ƙasashe shida, ciki har da Habasha da Maroko da Indiya, ya nuna rancen yana ɗan taimakawa amma bai fitar da yawancin mutane daga talauci ba. Ai dama wanda yake da sana'a a hannu shi jari ke ɗagawa, wanda yunwa ta kai shi ya ci bashi kuwa cinye shi zai yi, ranar biya ya sayar da akuya.

Shi ya sa tsarin Akhuwat na Pakistan ya fi kwanta min. Dokta Amjad Saqib ya fara shi a Lahore a 2001, rance ne ba ruwa, ana raba shi a masallatai da coci-coci, waɗanda suka amfana kuma sukan dawo su ba da gudummawa don na baya su samu. Ka ga ke nan ana iyawa.

Don haka in za ka tura dala 25 ɗinka ka tura, ban hana ka ba, amma ka duba wane banki ne a tsakani kuma nawa yake caja. In kuma akwai mai ƙosai a layinku da kaskonta ya fashe, wannan ba sai ka bi ta San Francisco ba, ka ranta mata hannu da hannu ku yi yarjejeniyar yadda za ta riƙa biya duk sati.