"Bincike ya tabbatar" bai isa hujja ba

Jama'a, daga kasuwar Wudil har ta Maigatari, masu tallar garin goge haƙori sun koyi sabuwar magana: "likitoci sun yi bincike, ya tabbatar." A da tsutsa suke cewa za su fitar maka daga haƙori. Amma damuwata ta wuce mai lasifika, domin su kansu masu binciken sukan yi wa sakamakonsu kwalliya.

Za a raba mutane gida biyu, a ba waɗannan sabon makilin, waɗancan tsohon, don a ga su wa za su fi yin kogon haƙori. A ƙarshe a tarar bambancin bai taka kara ya karya ba. Maimakon a faɗi haka, sai a lalubo wani ƙaramin abu, a ce dattin da ke manne wa haƙori ya ɗan ragu cikin 'yan makonni, a ɗora shi a taƙaitaccen bayanin da ke saman takarda. Shi kuwa kogo watanni yake ɗauka, wani lokaci shekaru, kafin ya bayyana. Ma'aikacin asibitin ƙauye da layi ke jiransa, ina ya ga lokacin karanta shafi goma? Saman yake dubawa ya wuce. A 2010 wata mai binciken likitanci 'yar Faransa, Isabelle Boutron, da abokan aikinta sun duba gwaje-gwajen likitanci 72 da ba su samu abin da suka fita nema ba, suka tarar fiye da rabinsu sun karkata magana a ƙarshen taƙaitawar.

Kamfanoni kuwa ba a magana. A 2007 hukumar kula da talla ta Ingila ta hana Colgate cewa sama da kashi 80 cikin 100 na likitocin haƙori shi suka zaɓa. Ashe an bar kowane likita ya ambaci makilin fiye da ɗaya.

Ko asuwaki da muke alfahari da shi bai tsira ba. Ina amfani da shi, sunna ce, yana kuma tsaftace baki. Amma in an jiƙa ɓawon darbejiya ya kashe ƙwayoyin cuta cikin faranti a ɗakin gwaji, wannan bai nuna zai warkar da haƙorin da ya riga ya ruɓe ba. Malam, in kuncinka ya kumbura kana kwana ido biyu, nemi kuɗin mota ka nufi babban asibiti tun ruɓar ba ta ci ƙashin muƙamuƙi ba.